ƘWAI DA DUTSE A HANYA ƊAYA: ƊAN KASUWAR BISASHE DA BABURINSA

 A wannan fitowa mun ajiye maganar farashi da kuɗin fito da tsadar dusa a gefe guda, domin mu tattauna kan wata asara wadda ba a rubuta ta cikin littafin ciniki, alhali kuwa ta fi asarar sa goma ciwo. Muna nufin mutanenmu da ke mutuwa ko su naƙasa bisa babur, ko moto kamar yadda muka fi cewa a nan, a kan hanyarsu ta zuwa kasuwa ko komawa gida. Daga Ƙonni zuwa Damagaram da wuya ka sami rumfar dillalai wadda ba ta taɓa yin zaman makokin wani nata da mota ta buge ba. Wani kuma yana raye, amma da sanda yake zagaya turakun da a da yake tsallakewa.

YADDA BABUR YA ZAMA JAKIN ƊAN KASUWA

Waɗanda suka manyanta cikinmu sun san lokacin da ɗan kasuwa ke zuwa kasuwannin daji bisa doki ko raƙumi, ko ya jira motar kasuwa wadda ba ta tashi sai ta cika har bisa. A wancan zamani Mobylette da Yamaha kayan ma'aikata ne da masu hali. Daga wajen shekarar 2000 sai babura masu araha na ƙasar Sin suka cika gari, irin su Kasea da Haojue, daga baya na Indiya irin su Boxer suka biyo. Yau da kuɗin sa ɗaya mai kyau mutum yana iya mallakar babur.

Ba mai musun amfaninsa. Da shi dillali ke cin kasuwar Maraɗi ran Litinin, ya leƙa ta Ƙonni ran Laraba, wani kuma ya tsallaka Maigatari ran Alhamis. Da shi ake bin makiyaya har rugarsu, ake kai wa masu kora guzuri, ake ɗauko maganin dabba da gishirin lasa. Matasa da yawa kuma da kabu-kabu suke ciyar da gidajensu. Lokacin da hukuma ta hana hawan babur a jihar Difa a shekarar 2015, da kuma sassan jihar Tilaberi a 2020, saboda matsalar tsaro, kowa ya ga yadda kasuwannin ƙauye suka rame. Saboda haka ba mu zo mu ce a bar babur ba. Abin da muke so shi ne a san da wa ake raba hanya.

ABIN DA ƘIDIDDIGA TA NUNA

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da rahoto a ƙarshen shekarar 2023 wanda ya nuna cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne suka mutu a hatsarin hanya cikin shekarar 2021. Fiye da rabinsu ba cikin mota suke ba: masu tafiya ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Hatsarin hanya shi ne ya fi kowace cuta kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, da mutum 19 cikin kowane 100,000. Tsakanin 2010 da 2021 mace-macen sun ɗan ragu a duniya baki ɗaya, amma a Afirka ƙaruwa suka yi da kashi 17 cikin ɗari.

Mai karatu ya lura da shekarun nan, 5 zuwa 29. Su ne shekarun yaran da muke aike, da 'ya'yan da muke fatan su gaji sana'ar.

KARON ƘWAI DA DUTSE

Mu mutanen sikeli ne da ƙiyasi, to bari mu auna. Babur da mahayinsa ba su wuce kilo 200 ba, wato ba su kai nauyin saniya ɗaya ta Azawak ba. Dokar ƙasashen UEMOA ta shekarar 2005 ta yarda babbar tirela mai layin taya shida ta kai tan 51 da kayanta. Ke nan ta ninka mai babur sau fiye da 250. Ko ƙaramar motar haya ta ninka shi sau biyar ko shida, kuma na cikinta ƙarfe ne ya kewaye shi, shi kuwa mai babur fatarsa ce bodinsa. A irin wannan karo, ko kai ne da gaskiya, kai ne za a kwasa.

Abu na biyu shi ne tsayawa. Tirela mai kaya da ke gudun kilomita 80 a awa tana bukatar kusan mita 100 kafin ta tsaya cik, tsawon filin ƙwallo ke nan, kuma wannan idan burkinta lafiya yake. Motar shanu kuwa tata matsalar ta fi haka. Mun sani sarai shanu talatin zuwa arba'in a tsaye suke cikin bodi. In direba ya taka burki da ƙarfi, gaba ɗaya za su zube gaba, wasu su faɗi 'yan'uwansu su tattake su. In ya murɗa sitiyari da sauri, nauyin ya koma gefe guda motar ta kife. Saboda haka direban shanu ba ya son burkin gaggawa, kuma ba ya iya kauce wa mutum kamar ƙaramar mota. Yaron da ya shiga gabansa yana cewa "ai ya gan ni, zai tsaya", bai san abin da ke bayan direban ba.

Abu na uku, ba ko'ina direban babbar mota yake gani ba. Yana zaune a hagu, can bisa. Abin da ke dab da hancin motar ba ya ganinsa, haka abin da ke manne da bayanta, kuma gefensa na dama shi ne mafi duhu. Ga ma'auni mai sauƙi: in ba ka ga fuskar direba cikin madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Sannan tirela in za ta sha kwana zuwa dama, sai ta fara buɗewa hagu. Mai babur ya ga fili ya buɗe sai ya kutsa, nan take tayoyin baya su yanko kwanar su rufe shi. Wannan ya ci mutane da yawa a mashigar kasuwanni da tashoshi. Akwai kuma iskar da babbar mota ke turowa in ta gifta da gudu, wadda kan ture babur waje, sa'an nan ta jawo shi wajen tayoyi.

HANYOYINMU DA LOKUTANSU

Babbar hanya ta 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Galmi, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Tasawa, Damagaram har Difa, ita ce jijiyar kasuwancinmu. Layi biyu ne kawai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma a kanta manyan motocin fasinja da tireloli da amalanken shanu da jakai da babura duk suke tafiya. Haka hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, da ta Ƙonni zuwa Illela. Inda bakin kwalta ya cinye, mai babur da aka matsa ba shi da wurin sauka sai rami ko rairayi, rairayi kuwa in ya kama tayar gaba sai ƙasa.

Hanyar nan ta 1 gabas da yamma ta miƙe. Mai zuwa gabas da hantsi rana tana cikin idonsa, haka mai komawa yamma bayan la'asar. Ka tuna direban da ke bayanka shi ma ranar ce ta kashe masa ido. Lokaci mafi hatsari shi ne tsakanin la'asar sakaliya da isha ranar kasuwa: kowa ya gaji, kowa yana sauri, amalanke ba fitila, garke yana komawa gida, motocin lodi sun fara tashi. Da dare ka hango fitila ɗaya ka ce ɗan'uwanka ne mai babur, ashe mota ce mai ido ɗaya. Ko kuma babbar mota ta lalace bisa kwalta, alamarta kawai 'yan rassan itace da karen mota ya jera, waɗanda ba ka gani sai ka zo kansu.

Kowane lokaci na shekara da nasa. Da hunturu hazo kan rufe hanya, ƙurar hanyar burji kuma in mota ta tayar da ita, mai binta a baya makaho ne. Da damina ruwan farko kan sa kwalta santsi, koramu su kawo yashi bisa hanya, ramuka su ɓuya cikin ruwa. Gabanin babbar Salla kuwa, motocin raguna dare da rana suke yi. Sai kuma inda burtali ya ratsa kwalta. Mu da muka san halin dabba bai kamata a gaya mana ba: in saniya ɗaya ta tsallaka, saura suna biye, in ɗan akuya ya ga uwarsa a wancan gefe, ba abin da zai tsayar da shi. Oda ba ta korar jaki.

RAGO BISA BABUR, RAWANI CIKIN TAYA

Akwai hatsarin da ya keɓanta da sana'armu. Buhun gero in ka ɗaure shi ya zauna ke nan. Rago ba haka yake ba. Balamin da ya sha kiwon turka yana iya kai nauyin babban mutum, kuma da rai yake. Mota ta yi oda ya zabura, ya harba ƙafa, nauyi ya koma gefe, sai babur ya bi shi. Wani ka gan shi da rago a baya, akuya bisa tanki tsakanin hannayensa, ga kuma yaro riƙe da igiya. Irin wannan ba ya iya juya kan babur, ba ya ganin madubi, burkinsa kuma an yi shi ne domin mutum biyu. Kuɗin da za a ba mai amalanke ko mai adaidaita bai kai kuɗin allura ɗaya a likita ba. In kuwa tilas ne, to dabba ɗaya, a ɗaure ƙafafunta da kyau, a tafi sannu, a kauce wa babbar hanya.

Sai tufafinmu. Babbar riga da jelar rawani da igiyar da ta saki, duk suna iya shiga sarƙa ko wayoyin taya. Rawanin da taya ta kama, wuya yake shaƙewa. A naɗe riga a zauna bisa kanta, a cusa jelar rawani, mata kuma da ake goyowa su tattare zane da lulluɓi. Silifa ba takalmin tuƙi ba ne. Madubi kuma da wasu samari ke cirewa tun ranar da aka sayi babur wai don ado, shi ne idon ƙeya.

HULAR KWANO DA MAGANAR ƘADDARA

Abin da ya fi kashe mai babur shi ne bugun kai. Wanda ya faɗi yana gudun kilomita 50 a awa, kamar wanda ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wato bene mai hawa uku. OMS ta ce hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage hatsarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin ɗari. Sharaɗin shi ne ta zama ta gaskiya mai kauri a ciki, ba irin ta masu gini ba, kuma a ɗaure igiyarta ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Wadda ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuma ta gama aikinta, a canja ta. Dokar hanya ta ƙasarmu ta wajabta sa ta, hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra kuma tana ta faɗakarwa a kai. Amma har yanzu wasu a hannun babur suke rataye ta, sai sun hango jandarma su kifa.

Uzurin da muke ji shi ne zafi, da nauyi, da cewa ba ta shiga bisa rawani. Babban uzuri kuma shi ne "in kwana ya ƙare ko da hula sai an tafi". Gaskiya ne, ajali ba ya jinkiri. Amma tun muna yara malamai suka karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma kowa ya san labarin mai raƙumin da aka umurta ya ɗaure abinsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Mai wannan magana ba ya barin sansa ba dabaibayi da dare, ba ya ƙin yi wa garkensa allurar ciwon huhu, ba ya barin jakar kuɗinsa a rumfa ya tafi masallaci. To don me kansa kaɗai ne zai bar wa ƙaddara? Kuɗin hula mai kyau bai kai na ɗan akuya ba.

GUDU, ƘWAYA DA WAYA

Masana sun auna cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da burki ke bukata ninkawa yake sau huɗu. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. In ya duba waya na daƙiƙa 3 don ya ga wane dillali ne ke kira, ya yi tafiyar mita 50 ido rufe. OMS ta ce mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari kusan sau 4. Ciniki ba ya gudu, a tsaya a gefe a amsa.

Maganar tramol ba ɓoyayya ba ce. Wasu 'yan kabu-kabu da masu kora da karnukan mota suna sha wai don kashe gajiya. Ƙwayar tana ɗauke tsoro, tana rage hankali, tana kuma iya kawo farfaɗiya mutum yana bisa hanya. Duk wanda ka ga idonsa ya canja, bakinsa yana ja, kada ka hau bayansa ko kyauta ne. Haka nan ba wa yaro ɗan shekara 12 ko 13 babur ya kai saƙo bakin kwalta, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kaiwa, ba gata ba ne.

Wani abin da ke sa mutanenmu gudu da tafiyar dare shi ne kuɗin da ke aljihu, musamman a yankunan bakin iyaka inda ɓarayi suka addabi jama'a. Yanzu akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza a garuruwa da yawa. A zuba kuɗin a can, in dare ya yi a kwana wurin mai masauki. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

GA DIREBOBI DA MASU KAYA

Ba mai babur kaɗai ke da laifi ba. Akwai direbobin da ke ɗaukar babur kamar ba abin hawa ba ne, su wuce wata mota suna fuskantarsa, su ƙyalla masa fitila wai ya sauka. Akwai masu buɗe ƙofa ba su duba ba, da masu dallare fitila mai nisa cikin idon mutane. Haka kuma akwai masu kaya da ke matsa wa direba lallai ya isa kafin kasuwa ta ci, ko ya kwana biyu bai runtsa ba. Mai kayan da ya yi haka yana da kaso cikin abin da ya biyo baya. Mu tuna a shari'a kisan kuskure ma ba a banza yake tafiya ba: akwai diyya, wadda asalinta raƙuma 100 ne, akwai kuma kaffarar azumin wata biyu a jere. Kowa cikinmu ya san kuɗin raƙumi ɗaya, sai ya yi lissafi.

IN HATSARI YA AUKU

Da yawa ba buguwar ce ke ƙarasa su ba, ɗaukar da aka yi musu ce. A fara tsayar da motoci daga nesa don kada a ƙara wani bisa wani. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 18, ko 'yan sanda a 17. Kada a ciccibi mutum hannu da ƙafa kamar buhu, domin in wuya ko gadon baya ya tsage, wannan ɗaukar ce za ta shanye masa jiki har abada. A riƙe kai da wuya a miƙe, a sa shi bisa allo ko ƙyaure. Kada a fizge hular kwano sai in ta hana shi numfashi. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa.

Wanda kansa ya bugu, ko ya tashi yana cewa "ba komai, lafiya lau nake", a kai shi likita. Jini kan taru cikin kai a hankali, mutum ya yi magana da rana, da dare a tashe shi ya ƙi tashi. Amai, barci mai nauyi, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamu ne na gaggawa. Game da karaya kuma, ba mu raina masu ɗori ba, amma ƙashin da ya huda fata ya fito ba nasu ba ne. Ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka yi baƙi, a kwance shi a nufi likita, in ba haka ba ƙafar da za a iya gyarawa sai a yanke ta. Akwai asibitin Galmi bisa babbar hanya, akwai manyan asibitoci a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

SHAWARARMU GA RASSAN ƘUNGIYA

Muna kira ga shugabannin rassa da sarakunan kasuwa su duba waɗannan. Na ɗaya, duk uban gidan da ya ba yaronsa babur ya haɗa masa da hula biyu, ya tabbata yana da takardar tuƙi da inshora, ya kuma riƙa duba burki da taya da fitilar baya kamar yadda yake duba haƙoran sa kafin ya saya. Na biyu, a raba ƙofar da motocin lodi ke bi da inda ake ajiye babura, a sa mutum mai tuta ya tsayar da hanya lokacin da tirela za ta fita ko garke zai tsallaka. Na uku, a sayo ƙyalle mai ƙyalli da dare a manna wa amalanke da bayan babura, masu kora kuma su riƙe tocila gaba da bayan garke. Na huɗu, a nemi hukuma ta sa alamu inda burtali ya ratsa kwalta, da tudun rage gudu a bakin kasuwanni. Na biyar, kowane reshe ya ware wani abu daga kuɗin da ake tarawa ranar kasuwa domin kai wanda ya ji rauni likita ba tare da an tsaya neman kuɗin mai ba.

Dabbar da ta faɗi a mota, in Allah Ya so kasuwa biyu ta mayar da ita. Mai gidan da ya faɗi bisa kwalta kuwa, ya bar mata da marayu da bashin mutane a wuyan 'yan'uwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi a rumfa, a kuma isar wa yaranmu 'yan kabu-kabu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya kai mu kasuwa lafiya Ya maido mu ga iyalinmu lafiya. Amin. Sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.